Masaukin shafin intanet na masu sayar da hotuna

Masaukin shafin intanet gurbi ne da ake haya a wata babbar kwamfuta domin ajiye shafi. Mai ɗaukar hoto a Dutse da ke son sayar da hotunan hawan sallah ko na duwatsun garin zai iya miƙa su ga Shutterstock, kamfanin Amurka da aka kafa a 2003, wanda ke biyan kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari. In ya buɗe nasa shafin, cinikin nasa ne, amma hotuna na cin wuri, don haka girman ma'aji da saurin buɗewa a waya sun fi arha muhimmanci. Masaukan waje galibi da dala ake biyansu, na gida da naira. Adireshin .ng kuwa ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi.