Ɗora Windows a tsohuwar laftof: inda lokaci ke tafiya

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba, kuma galibin laftof ɗin tokumbo da matasa ke sayowa daga Kano ko Funtua ita ce a kansu. A Yargoje da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sake ɗora manhaja ba ƙaramin aiki ba ne. Batirin irin waɗannan na'urori ya daɗe da gajiya, janareton mai caji kuwa ba ya jiran kowa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai a koma farko.

Yawancin jinkirin daga ma'ajiyar bayanai yake. Tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, kuma ya fi shan wahala idan aka haɗa shi da dubban ƙananan fayiloli, waɗanda su ne Windows ke zubawa. SSD irin ta SATA tana kai wajen 500, ba ta da allurar da za ta yi ta yawo tana neman gurbi, kuma tana zama daidai a ramin tsohon faifan. Wanda kuɗinsa bai isa ya sayi RAM da SSD tare ba, ya fara da SSD, ko da mai gigabait 128 ce. Masu sayarwa sun fi son tallar RAM, amma ba nan gizo ke saƙa ba.

Sai filashi. Ramin USB 2.0 ba ya wuce megabait 35 a daƙiƙa a aikace. Mai shuɗin ciki, USB 3.0, ya ninka shi sau da yawa, muddin filashin ma na 3.0 ne. Da manhajar Rufus ake shirya shi. Ventoy kuma na barin a tara tsari iri-iri a filashi ɗaya.

Maganar intanet ta fi shafar wannan yanki. Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana neman intanet da asusun Microsoft kafin samfurin Home ya kammala saiti. A daidai lokacin layukan waya a datse suke a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan ukun. Mai fayil ɗin ɗorawa a aljihu bai tsaya ba. Ko yau da sabis ya dawo, gara a bar kwamfuta ba intanet har aikin ya ƙare, don kada ta tsaya sauke ƙarin gyara ta cinye datar waya. Rufus na da zaɓin tsallake buƙatar asusun, har ma da sharaɗin TPM 2.0, sai dai Microsoft bai yi alkawarin gyara ga na'urar da aka bi da ita ta wannan hanya ba.

Laftof mai RAM gigabait 4 zuwa ƙasa, gaskiya Windows 11 za ta yi mata nauyi. Linux Mint samfurin Xfce kyauta ne, yana zuwa da LibreOffice da Firefox, kuma ana iya gwada shi daga filashi kafin a taɓa faifan. Ɗalibin da ke atisayen JAMB ya fara tabbatarwa manhajarsa za ta buɗe a kai, domin da yawansu don Windows aka yi su. Kafin komai kuma a kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri, ɗorawa daga tushe tana share faifan ne kakaf.