Juji da Rijiya a Fadamar Haɗejiya

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san arzikinta a fadama yake. Daga Auyo har Kirikasamma da Guri, shinkafa da alkama da tattasai da albasa ruwan kogi suke sha, ko na ƙarƙashin ƙasa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar da kogi ya saba yi kowace shekara ta ragu. Manoman rani da yawa sun koma ga 'yan gajerun rijiyoyin bututu, irin waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990. To, wannan ruwa na ƙasa yana da abokin gāba, watau juji.

A garuruwan Hausa akan haƙa ƙasar gini a bar kududdufi, daga baya a mai da shi mazubar shara. Dā sharar toka ce da kara da kashin dabbobi, manomi ya labta wa jaki ya kai gona ta zama taki. Yau kuwa har da leda, da mataccen batir, da gwangwanin maganin feshi, da baƙin mai. In damina ta sauka sharar ta jiƙa, sai wani baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsatsowa, yana nutsewa a hankali har ya gamu da ruwan rijiya.

Masanan ruwa abu huɗu suke dubawa kafin su ce juji zai ɓata rijiya ko ba zai ɓata ba, kuma kowane manomi yana iya dubawa da kansa.

Na farko, zurfin ruwa. A fadama ruwa kusa yake, ba a nisa da haƙa ake cim masa, don haka dauɗa ba ta da doguwar tafiya. Na biyu, irin ƙasar. Laka takan riƙe ruwa ta tsare shi, amma rairayin jigawa kamar rariya yake. Na uku, gangare. Ruwan ƙasa shi ma tafiya yake yi, yawanci inda ƙasa ta karkata, saboda haka rijiyar da ke gangaren juji ta fi ta tudu haɗari. Na huɗu, nisa. Malaman tsabta sun ce a bar aƙalla mita 30, watau kamar ƙafa 100, tsakanin rijiya da masai. Babban juji kuwa yana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Ban da waɗannan akwai ambaliya, kamar wadda aka yi a 2020 da 2022. In ruwa ya shafe juji da rijiya gaba ɗaya, dauɗar ta baki take shiga, nisa bai hana ba.

Kada manomi ya ruɗu da hasken ruwa. Akwai gishirin da ake kira naitiret, ba launi ba wari, wanda ke cutar da jinin jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Tafasa ruwa takan kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot, amma ba ta fid da naitiret ko dalmar batir. Sai awo kaɗai ke nuna su.

Saboda haka ya kamata ƙungiyar manoma ta haɗa kai ta nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su ɗebi ruwa a kai awo sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar rani. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi. Mai ɗiban takin juji kuma ya tsince batir da gwangwani kafin ya baza. In kuwa mai unguwa zai nuna sabuwar mazubar shara, ya zaɓi tudu mai laka, nesa da fadama, domin ruwan ƙasa in ya ɓaci yakan ɗauki shekaru bai gyaru ba.