Ba a Ciro Ido a Ɗora a Faranti

Sau da yawa za ka tarar da dattijo ya shekara uku yana lalube a tsakar gida saboda yana ta rufe masa ido, amma da an ambaci asibiti sai ya noƙe. Wai ya ji likita kan ƙwaƙulo ƙwayar idon, ya wanke a faranti, ya mayar. Ƙarya ce tsagwaronta. Ido a ɗaure yake da jijiyar gani da ta tafi har ƙwaƙwalwa, in ta tsinke babu mai haɗa ta.

Ita yana ma ba fata ba ce da ta lulluɓe ido daga waje. Wani ɗan madubi ne a ciki, bayan baƙin ido, yake dishewa, galibi don tsufa ko ciwon suga. Likita kan kashe zafin wurin, ya ɗan tsaga gefe, ya fitar da madubin ya sa na roba, washegari a cire bandeji. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano yana ce ta haddasa kashi 43 cikin ɗari na makantar, alhali tana warkewa.

Masu soke ido na gargajiya fa? Gaskiya ne wani kan ga haske bayan an yi masa, shi ya sa kasuwarsu ba ta mutu ba. Sai dai madubin kawai suke turawa can ciki da allura, ba sa maye gurbinsa. Gani ya zauna dishi-dishi, kumburi ya biyo baya, sau tari idon ya mutu.

Shi kuma ciwon ido na Afolo, wanda ya samo suna a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, ba a ɗaukarsa ta kallo. Ta hannu ake ɗaukarsa, da tawul, da tsinken kwalli. Kada a ɗiga fitsari ko ruwan batir. Fitsari na iya kai ciwon sanyi cikin ido.

Maganar da ta tabbata kuwa ita ce ta hawan jinin ido, ko da yake ruwan cikin ido ne ke matsa wa jijiya, ba jini ba. Yawanci ba ya zafi, daga gefe yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. In ka haura shekara 40, musamman in akwai mai shi a dangi, ka je a auna, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko wanda ya fi kusa da kai.