Lissafin Dalma a Jinin Yaro

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a jihar Zamfara. Gubar dalma ce. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida, a daka shi a turmi ko a niƙa a injin hatsi, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Fiye da 400 suka rasu.

Cikin waɗanda suka zo aikin har da Ian von Lindern, Ba'amurken da ya shafe sama da shekara 30 yana fama da gurɓacewar dalma a Bunker Hill ta jihar Idaho. Shi ba likita ba ne. Ƙasa yake aunawa, ya yi lissafi.

Ba za a ba yaro guba don a ga abin da za ta yi masa ba, shi ya sa kwamfuta ta shigo. Da farko a ɗebi ƙasar tsakar gida a auna dalmar cikinta. Sai a ƙiyasta yawan ƙurar da yaro ke haɗiya a wuni, ta yatsun da yake tsotsa da kwanon da ya sha ƙura. Ba duka ke shiga jini ba, wani kaso na fita ta bayan gida. Wadda ta shiga kuwa ba ta zama wuri ɗaya: tana taruwa a ƙashi, ta riƙa komowa jini a hankali har shekaru. Duk wannan an zuba shi cikin manhajar IEUBK, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1994. Ka ba ta alƙaluman ƙasa, ruwa da abinci, ta yi maka kirdadon dalmar da za a samu a jinin yaro.

Daɗin abin, ana iya juya lissafin. In ana son jinin ya sauko zuwa kaza, yaya za a rage dalmar ƙasa, kuma wane gida za a fara?

Sai dai manhajar da yaron Amurka aka gwada ta, mai wasa kan siminti da ciyawa. Yaron da ke wuni a turɓaya, hunturu na kaɗawa, hatsinsa shanye a ƙasa, lissafinsa daban ne. Dole mai kwamfutar ya shiga gida gida ya gyara alƙalumansa. Ɗalibin Dogon Daji ko Kebbe da ke karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya riga ya san tsakar gidan nan, saura ya ƙware a ƙididdiga da rubuta manhaja.

A Zamfara, maganin fitar da dalma ba ya ɗorewa in yaron zai koma gidan da ya kwaso ta. Don haka aka fara kankare saman ƙasar gidajen, a zuba sabuwa, sannan a ba da magani. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aikin ya isa gare shi, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja.