Balbela a Bakin Daberam

Cikin tsuntsayen ƙasar Daura babu wadda aka yi wa kirari mai kama da zagi irin balbela: ci da motsin wani. Da shi ake yi wa malalacin ƙane habaici, da ɗan siyasar da ke jira wani ya tara jama'a shi ya zo ya karɓi tafi. Ni dai ina ganin an ɗora mata laifin da ba nata ba.

Mai son ganin zahiri ya je madatsar ruwan Daberam ko ta Sabke cikin Disamba ko Janairu. Lokacin shamuwa ta daɗe da wucewa kudancin Afirka, sai wata damina. Baƙin da ke bakin ruwa 'yan Turai ne, agwagi da ƙananan tsuntsayen gaɓa da suka ƙetaro Sahara gudun sanyi. Irinsu ne suka kai Yarima Philip na Ingila Dagona, a fadamun Haɗeja da Nguru, a 1989. Balbela kuwa ba mai niƙo gari don ita.

Ranar da na je Daberam hunturu ya buɗe, iska na bugowa daga arewa maso gabas, hazo ya shafe ɗaya gaɓar. Wani zalɓe ya ƙame cikin ruwa, ya noƙe wuya. Balbelu sun yi cirko-cirko, duk sun ba iska fuska don kada ta shiga ƙarƙashin gashinsu ta hargitsa shi, ba mai ko tsinci. Sai da wani dattijon makiyayi ya koro shanu shan ruwa suka tashi ƙasa-ƙasa, iska na ture su gefe, suka dira a ƙafafun garken. Kowace saniya da 'yar rakiyarta. Kofato ya taka ciyawa, fara ta yi tsalle, baki ya cafke.

To, motsin wani ta ci, ban musa ba. Amma me ta rage wa saniyar? Saniya ba ta cin fara. Mai cuta ita ce kaska, kuma Bahaushe ya ba ta nata kirarin, raɓi mai jini.

Masu kare balbela su ma suna wuce gona da iri. Na ce da makiyayin, "Baffa, me kuke samu da waɗannan?" Ya ce ai kaska suke cire wa shanu, tun kakanni haka aka sani. Na so in yarda, don hujja ce mai daɗi: ta ci, ta biya. Sai dai na zura ido har shanun suka gama shan ruwa, balbelu na ƙasa suna aiki, ɗayar da ta hau doron wani bijimi kuwa tsayuwa kawai ta yi tana kallon duniya. Masanan da suka duba abin da ke cikin tumbinta fara suka fi samu, da gyare, da ƙudaje, da gizo-gizo, da 'yan kwaɗi. Takan tsinci kaska, amma jefi-jefi. Wannan sana'ar carki ce, mai maƙalewa a fata, kuma shi ba a banza yake yi ba, don idan ya sami miki tonawa yake ya hana shi warkewa. Baffa bai gamsu ba. Ya ce shi da ya tsufa a bayan shanu ba takarda za ta koya masa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kiran ta malalaciya. Tsuntsuwar nan da fukafukanta ta ƙetare tekun Atlantika: an gan ta a iyakar Suriname da Guyana tun 1877, ta yi sheƙa a Florida ta Amurka a 1953, ta ƙyanƙyashe a Ingila a 2008. Babu saniyar da ta goya ta. Ana kyautata zaton iskar da ke kaɗawa daga gabar Afirka zuwa yamma ta taimaka mata, wato masu habaici za su ce nan ma motsin wani ne.

A gida ma ba ta tsaya ga shanu ba. Tana bin garma, tana bin tarakta, tana jiran mai noman rani ya saki ruwa a fangali ƙwari su fito. Ko wuta aka sa wa daji za ka gan ta a gefen hayaƙi tana tare masu gudu.