Hukuncin shan maganin gargajiya na ƙasar Sin saboda rashin barci

Tambaya: A Birnin Kebbi da Argungu ana tallar shayi da ƙwayoyin ƙasar Sin, wai suna maganin rashin barci. Shin ya halatta a sha? Kuma an gwada su?

Amsa: Asali neman magani halas ne, kuma hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya yi umurni da shi. Fitowar magani daga ƙasar da ba ta Musulmi ba ba ta haramta shi. Abin da ake dubawa shi ne ko an jiƙa shi da giya, ko an yi kwanson ƙwayar da sinadarin alade, ko yana cutarwa.

Amma halacci daban, amfani daban. Wanda ya fi shahara a wajen Sinawa shi ne Suan Zao Ren, ƙwallon wata itaciya 'yar'uwar magarya da kurna, wanda likitansu Zhang Zhongjing ya rubuta haɗinsa kimanin shekara 1,800 da suka wuce. Daɗewa ba gwaji ba ce, haka ma shaidar mai talla. Gwaji shi ne a raba marasa barci kashi biyu, a ba wa kashi ɗaya maganin, ɗayan a ba shi mai kama da shi wanda babu komai a ciki, ba tare da sun san wanne suka sha ba, sannan a auna barcinsu. An yi irin wannan a Sin, wasu sun nuna sauƙi, sai dai yawancinsu mutane kaɗan aka gwada, na ɗan lokaci.

Akwai kuma algus. An sha samun maganin barci na asibiti a ɓoye cikin abin da aka ce tsantsar ganye ne, kuma irinsa yana kama jiki.

Saboda haka ka duba lambar NAFDAC. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an duba rashin illarsa ne, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Mai ciki, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin hawan jini, kada su sha sai da izinin likita. Idan rashin barcin ya kai wata 3, ka je asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu a binciki dalili, tare da lazimtar azkar na kwanciya da rage goro da shayi da dare.

Wallahu a'alam.