Robar Silifas da Farantin Sola: Yadda Ake Rage Tsadar Yin EVA

Duk wanda ya taɓa taka silifas mai laushi, ko ya ga mai gyara yana narka sandar gam da 'yar bindigarsa ta lantarki, ya san robar EVA ko da bai san sunanta ba. Sinadarai biyu ake haɗawa a same ta: iskar etilin, wadda ake cirowa daga man fetur ko iskar gas, da wani ruwa mai suna binal asitet. Etilin ita kaɗai leda take bayarwa. Da an sa mata binal asitet sai ta yi laushi da danƙo, haske kuma ya riƙa ratsa ta. Yawanci wannan ruwa yakan kai kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin robar.

Tushen aikin yana Ingila. A 1933 wasu masana biyu na kamfanin ICI, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suka matse etilin da ƙarfin gaske a ɗakin gwaji, sai suka tarar da wani farin abu mai kama da kakin zuma a jikin tukunyar. Wannan ne mafarin ledar zamani. A 1960 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da EVA kasuwa da sunan Elvax.

Har yau da matsi ake aikin, kuma nan kuɗin yake tafiya. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da rabi a ma'aunin matsin iska. A masana'antar EVA kuwa ana kai etilin bar 1,500 zuwa 3,000, a zafin digiri 150 zuwa kusan 300. Wani ƙaton injin matse iska ne ke yin wannan, irin wanda kamfanin Burckhardt na Suwizalan ke ƙerawa, kuma shi ke shanye mafi yawan wutar masana'antar. Abin da ke damun injiniyoyi shi ne, ba duk iskar da aka matse ce ke zama roba a shiga ɗaya ba. Mafi yawanta fitowa take yadda ta shiga, a raba ta da robar, a sanyaya ta, a sake matse ta. Kowane zagaye kuɗin wuta ne. Saboda haka babbar tambayar sana'ar ita ce: kashi nawa za a iya mayarwa roba kafin iskar ta fito?

Hanyoyi biyu ne ke gogayya. Ta farko tukunya ce ta ƙarfe mai kaurin bango, da maburgi a ciki yana juyawa. Haɗuwar sinadaran tana fitar da zafi mai yawa, kuma tukunyar ba ta da hanyar zubar da shi sai ta sanyin sabuwar iskar da ke shigowa. Shi ya sa da wuya ta wuce kashi 20 a zagaye guda.

Ta biyu bututu ne, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara amfani da shi. Faɗin cikinsa 'yan santimita ne kawai, amma tsawonsa yakan wuce kilomita guda, an naɗe shi hawa-hawa a bayan katangar kankare. An yi masa riga ta wani bututun da ruwa ke gudana ciki yana kwashe zafi. Dabarar da ta fi tasiri ita ce, maimakon a zuba sinadarin feroksaid mai tayar da haɗuwar gaba ɗaya a bakin bututu, sai a riƙa tsirta shi a wurare uku, huɗu ko fiye. A kowane wuri zafi ya tashi, ruwa ya saukar da shi, sannan a sake tsirtawa a gaba. Da haka bututu yakan haura kashi 30 idan leda zalla ake yi. Zafin da ruwan ya kwasa ma ba a asararsa, tururi ake yi da shi don sauran ayyukan masana'anta. A yau akwai bututu guda da ke fitar da tan 400,000 na leda a shekara.

Sai dai binal asitet ba ya son zafi. Idan aka matsa masa sai ya saki ruwan asid mai cin ƙarfe, don haka dole a rage wuta, abin da ake samu a zagaye kuma ya ragu. Ita ma etilin tana da nata haɗarin: idan zafi ya ƙwace, cikin ƙiftawar ido takan tarwatse ta koma baƙin toka da iskar gas, bawul ɗin tsaro ya buɗe, aiki ya tsaya cak. Ga kuma danƙo. Robar da binal asitet ya yi mata yawa a cikin ruwan sanyi ake yanka ta ƙwaya-ƙwaya, don kada ta cure. Wannan ne ya sa tukunya ba ta mutu ba. Ita ce har yanzu ake dogaro da ita idan ana son binal asitet ya kai kashi 40.

Wutar sola ce ta sake zaburar da gasar. A yawancin farantai, irin waɗanda suka cika rufin gidaje da shaguna a Kano da Yamai, akwai shimfiɗa biyu na EVA, ɗaya saman ƙwayoyin da ke kama hasken rana, ɗaya ƙasansu. Ana gasa su a kusan digiri 150 har su manne da gilashi su hana danshi shiga. Wannan nau'in yana buƙatar binal asitet kashi 28 zuwa 33, kuma ba ya yafe ko ɗan gudaji. Kamfanonin LyondellBasell da ExxonMobil, masu sayar da lasisin fasahar, sun gyara bututu har ya kai bakin wannan mataki, kuma masana'antu a Koriya ta Kudu da Sin suna yin robar sola da shi. Wannan ci gaba ya cancanci a kula da shi, domin duk ragin da aka samu a can yana shiga farashin farantin da magidanci zai saya.

Wasu kuma tushen kayan suka taɓa. Kamfanin Braskem na Brazil yana samun etilin daga ruwan etanol na rake, kuma a 2018 kamfanin takalma na Allbirds ya fara yin tafin takalmi da EVA ɗinsa. Etilin ɗin rake ba ta da bambanci da ta fetur, don haka injinan da ake da su ne ke karɓarta ba tare da an sauya su ba.